Jarin Ci-rani: Tambayoyinku Kan Takardun Bashin Gajeren Wa'adi Da Ke Hannun Baƙi

Wasiƙun da suka iso filin namu a wannan karo kusan duk sun karkata wuri guda, wato dalar da masu zuba jari na waje ke shigowa da ita su sayi takardun bashin gwamnati na 'yan watanni, da yadda za a gane ƙasar da ta fi wata shiga haɗari a wannan harka. Mu a nan jarin ci-rani muke ce masa, domin ba zama ya kawo shi ba. Ya zo ne ya samu na samu, da ya ga hadari ya haɗo sai ya ɗaure kayansa.

Assalamu alaikum. Kullum a rediyo sai mu ji an ce baƙi sun shigo da dala sun sayi takardun gwamnati. Wace irin takarda ce wannan? Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano.

Wa'alaikumus salam, Alhaji. Ba takardar da za ka riƙe a hannu ba ce, yanzu lamba ce kawai a kwamfutar Babban Banki. Abin da ke cikinta alkawari ne: gwamnati ta ce ba ni kuɗi yau, in biya ka rana kaza. Idan wa'adin bai wuce shekara ɗaya ba, ita ce ta gajeren wa'adi, wadda ma'aikatan banki ke kira tireshari bil. A Najeriya akwai ta kwana 91, da ta 182, da ta 364, kuma Babban Banki ne ke gwanjonta a madadin Ofishin Kula da Basussuka, wato DMO, galibi duk bayan mako biyu. Masar ta ƙara da ta kwana 273. Ta Amurka tana farawa daga mako 4 har zuwa mako 52.

Ba a biyan ruwa wata-wata a kanta. Tun wajen saye ake yanke ribar. Takardar da za a biya ka naira 100 a kanta bayan shekara, sai a sayar maka a kan naira 80. A sanarwar gwanjo za ka ga an rubuta kashi 20, alhali ainihin ribarka kashi 25 ce, tunda a kan 80 ka samu 20 ɗin. Wannan ɗan bambanci yana tuntuɓe da masu kwatanta ƙasashe da yawa, saboda wata ƙasar adadin yankan take bugawa, wata kuma ainihin ribar.

Akwai kuma wata takardar da ta fi jan hankalin baƙi a Najeriya, ita ce ta OMO. Wannan ba gwamnati ce ke cin bashi da ita don gina hanya ko biyan albashi ba. Babban Banki ne da kansa ke sayar da ita domin ya kwashe nairar da ta yi yawa a kasuwa. A watan Oktoban 2019 bankin ya hana ɗaiɗaikun mutane da kamfanonin cikin gida waɗanda ba bankuna ba sayen ta, ya bar wa bankuna da baƙi. Ma'ana an keɓe wa baƙo tukunyarsa mai nama, don ya ji daɗin kawo dala.

Na ga wani jadawali da ya jera ƙasashe bisa yawan irin wannan takarda da ke hannun 'yan waje. Amurka ce a sama da fiye da dala tiriliyan 1. Ke nan ita ta fi kowa shiga haɗari? Daga wani ɗalibin tattalin arziki, Zariya.

A'a, ɗalibi. Jadawalin bai yi ƙarya ba, sai dai bai faɗa maka komai ba tukuna. Kamar a ce maka ana bin wani attajiri miliyan 500, mai shayin bakin layi kuma ana bin sa dubu 200, sai ka ce attajirin ne a cikin uku. Wataƙila yana da kayan biliyan 3 a sito, shi kuwa mai shayi gobe da asuba mai burodi zai zo karɓar kuɗinsa, aljihu babu ko sisi.

Fara da tambayar da wane kuɗi za a biya, kuma wane kuɗi mai bin bashin yake so. Amurka da dala take ci, da dala take biya, wanda aka biya kuma dalar yake so. Da yawa cikin masu riƙe da takardun nata ma manyan bankunan ƙasashe ne da ke ajiye asusunsu, wa'adi na cika su sake sayen wata. Najeriya ko Masar kuwa, biyan naira ko fam ba ya gagarar su, tunda su ke buga kuɗin. Amma baƙo ba naira ya zo nema ba. Ranar da aka biya shi zai nufi kasuwar canji ya ce a ba shi dala, kuma a wannan ƙofa ake yin ta.

Shi ya sa masana ba sa kallon adadin shi kaɗai, sai sun aza shi a kan asusun ajiyar kuɗaɗen waje. Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Pablo Guidotti, tsohon mataimakin ministan kuɗi na Ajantina, da Alan Greenspan, shugaban Babban Bankin Amurka na lokacin, tun 1999: abin da ke asusu ya isa biyan duk bashin waje da wa'adinsa zai cika cikin wata 12, ko da babu wanda ya sake ba ka rancen ko kwabo. Ka raba asusu da bashin. In ka samu 1 ko sama, da sauran numfashi. In ƙasa da 1 ne, ƙasar tana rayuwa ne bisa yardar masu bin ta.

Meksiko ce ta koya wa duniya wannan darasi. A 1994, da baƙi suka fara tsorata, gwamnati ta dinga musanya musu takardun kuɗinta na peso da wasu da ake kira tesobono, waɗanda aka ɗaure ƙimarsu da dala, don dai kada su tafi. Zuwa ƙarshen shekarar tesobono ta kai kimanin dala biliyan 29, asusu kuwa ya gangaro zuwa wajen biliyan 6. Peso ya faɗi a watan Disamba, sai da Amurka da Asusun Ba da Lamuni na Duniya, wato IMF, da wasu suka haɗa tallafin kusan dala biliyan 50 a farkon 1995. Rasha ba ta samu mai ceto irin haka ba. Ranar 17 ga Agustan 1998 ta daina biyan takardunta na gajeren wa'adi da ake kira GKO, waɗanda kusan kashi ɗaya cikin uku nasu ke hannun baƙi, duk da cewa da kuɗinta na rubul ta ci bashin.

Sannan ka tambaya, asusun ma nawa ne a cikinsa namu na halak? Sau da yawa akwai dalar da aka aro daga bankuna ta hanyar musaya, da wadda aka riga aka yi alkawarin sayarwa nan gaba. Babban Bankin Najeriya da kansa ya bayyana cewa a ƙarshen 2023, lokacin da jimillar asusun ta haura dala biliyan 30, abin da ya rage bayan an cire irin waɗannan nauye-nauye dala biliyan 3.99 ne kacal. A ƙarshen 2024 ya tashi zuwa biliyan 23.11, cikin jimillar biliyan 40.19. Wanda ya yi lissafinsa da jimilla a 2023 ya kwana da murna a kan kayan aro.

Ina haɗa rahoto ne, amma alƙaluman da nake samu daga wurare daban-daban sun ƙi jituwa. Wanne zan ɗauka? Daga wata 'yar jarida, Kaduna.

Malama, ba laifinki ba ne, kuma ba lallai wani ya yi coge ba. Kowa da mudun da yake awo da shi.

Kalmar "baƙo" ita ce tushen rikicin. A ma'aunin IMF da Bankin Duniya, inda mutum yake zaune ake kallo, ba fasfo ɗinsa ba. Ɗan Najeriya mazaunin Landan da ya sayi tireshari bil ɗin naira baƙo ne, kuma wannan takarda bashin waje ce. Bankin da ke da rajista a Legas kuwa ɗan gida ne ko da Turawa ne masu shi. To amma in kika buɗe rahoton DMO, tireshari bil duk tana ƙarƙashin bashin cikin gida, ko a hannun wa take. Takardar OMO ma ba za ki gan ta ba sam, domin nauyin Babban Banki ce, ba ta cikin bashin gwamnati. Wanda ya dogara da wannan rahoto kaɗai zai ce Najeriya ba ta da wani jarin ci-rani na a zo a gani, alhali a OMO ɗin ya fi taruwa.

"Gajeren wa'adi" ma iri biyu ne. Akwai wa'adin asali, akwai wanda ya rage. Takardar shekara 10 da saura wata 6 a biya ta, a ma'aunin farko doguwa ce, a na biyu kuwa gajera ce, kuma dalar da za ta ci a wannan shekara daidai take da ta tireshari bil. Yawancin jadawalin da ke yawo da wa'adin asali aka yi su. Ƙa'idar Guidotti kuwa wanda ya rage take buƙata.

Sai batun daga wane ɓangare aka ƙirga. Wasu alƙaluman daga ƙasar da ta ci bashi suke fitowa. Wasu kuma, kamar binciken da IMF ke yi a kai a kai tun 2001, masu riƙe da takardun ake tambaya, ƙasar da ba ta ba da rahoto ba kuma nata ya ɓace. A nan ne za ki ga abin mamaki: Ayalan da Luksambok da tsibiran Keman suna riƙe da takardun Amurka fiye da ƙasashen da suka ninka su girma sau da yawa. Ba arzikin mutanen wurin ba ne. A can aka yi wa asusun zuba jarin rajista, masu kuɗin kuma suna ko'ina a duniya. Beljiyam ma haka, saboda kamfanin ajiyar takardu na Euroclear da ke Burasels. Akwai kuma baƙon da ba ya son sunansa ya fito, sai ya ƙulla yarjejeniya da wani banki ya saya da sunansa, riba da asara duk na baƙon. A littafi ɗan gida ne ya saya.

Kada kuma ki haɗa abin da ya shigo da abin da ke nan. Rahoton shigowar jari da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ke fitarwa duk wata uku, shigowa kawai yake ƙirgawa. Dala miliyan 1 da ta shigo a Janairu, ta fita a Afrilu, ta dawo a Yuli, an rubuta miliyan 2, a ƙasa kuwa miliyan 1 ce. Haka nan idan kuɗin ƙasa ya faɗi, ƙimar takardun a dala tana raguwa ko da babu wanda ya sayar da ko guda. Shawararmu, ki zaɓi ma'auni guda da rana guda ki auna duk ƙasashen da shi, ki kuma faɗa wa masu karatunki wanne kika zaɓa.

Mu dai muna ganin dala ta sauka ko ta hau, a ce mana baƙi ne suka shigo ko suka fita. Ta ina suke bi, kuma yaya suke lissafin ribarsu? Daga wani ɗan canji a Wapa, Kano.

Alhaji, ba ta teburinku suke bi ba, amma iskarsu tana kaɗa ku. Baƙon zai buɗe asusu a wani banki mai ajiyar takardu a Legas, ya turo dalarsa, bankin ya sayar masa da ita a kasuwar canji ta hukuma. Cikin awa 24 bankin zai ba shi shaidar shigo da jari, wadda ake kira CCI, tun 2017 kuma ta kwamfuta ake ba da ita. Wannan shaida ita ce tikitin komawarsa gida. Wanda ba shi da ita ba shi da hurumin sayen dala a kasuwar hukuma ya fitar da uwar kuɗi da riba. Daga nan bankin zai shiga masa gwanjo ko ya saya masa a hannun wani, ranar da wa'adi ya cika a zuba masa naira, ya nemi dala.

Ga lissafin, da alƙaluman misali. Ya kawo dala miliyan 1 a kan naira 1,500, ya samu naira biliyan 1 da miliyan 500. Ya sayi takardar shekara a kan 80, za a biya shi 100, wato naira biliyan 1 da miliyan 875. In dala tana nan a 1,500, ya tafi da dala miliyan 1 da dubu 250. Ribar kashi 25 a dala, a lokacin da takardar Amurka ba ta fi kashi 4 ko 5 ba. In dala ta kai 1,875, ya tashi a tutar babu, abin da ya kawo shi zai mayar. In ta kai 2,000, dala 937,500 zai samu, ya yi asarar 62,500 bayan shekara guda yana jira. In kuma ana cire harajin kashi 10 a kan ribar, iyakarsa ta matso zuwa 1,837.50. Saboda haka idonsa ba a kan kuɗin ruwa yake ba kamar yadda yake a kan farashin dala. Da ya ji ƙishin-ƙishin za a karya darajar kuɗi, ba zai jira ya tabbatar ba, domin na farkon fita shi ke samun tsohon farashi. Kowa kuma ya san haka, shi ya sa suke fita a tare kamar an buɗe wa awaki ƙofa.

Abin da ya fi asarar canji ɗaga musu hankali shi ne a rufe ƙofar. A 2020, da farashin mai ya rushe, dala ta yi ƙaranci a kasuwar hukuma, baƙi suka shiga layi da nairarsu a hannu, wasu wata da watanni. Da yawa dole ta sa suka sake sayen wata takardar, a alƙaluma ka ce amincewa ce ta zaunar da su. Wanda ya shigo a kan wajen naira 460 kuma yana nan har Yunin 2023 da aka saki naira, dala ta haura 750, ko da ya samu ribar kashi 15, dalarsa miliyan 1 ta koma kimanin dubu 705. Sai a Maris ɗin 2024 Babban Banki ya sanar da cewa ya kammala biyan ingantattun buƙatun da ke cikin tarin kimanin dala biliyan 7 da suka maƙale. A shekarar kuma ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 har zuwa 27.5. Wannan tsadar ba baƙo ke biyan ta ba. Mai masana'anta a Sharaɗa da ya je neman rance shi zai tarar banki ya fi son ya zuba kuɗinsa a takarda ya kwanta.

Tsakanin Najeriya da Masar, wa ya fi dogara da irin wannan kuɗi? Daga wani malamin sakandare, Sakkwato.

Malam, Masar ta fi daɗewa a ciki, ta kuma fi shan ɗacinsa. Tun da ta saki fam a Nuwamban 2016 baƙi suka yi mata caa, duk da harajin kashi 20 da take cirewa a kan ribar tireshari bil. Sau uku suna ficewa: a 2018, da 2020 lokacin korona, da 2022 bayan Rasha ta shiga Yukiren, inda kimanin dala biliyan 20 suka fita cikin ɗan lokaci. Abin ya zo mata a mummunan lokaci, domin tana cikin manyan masu sayen alkama a duniya, kuma daga ƙasashen nan biyu take sayen mafi yawanta. Ministan kuɗinta na lokacin, Mohamed Maait, ya fito fili ya ce sun koyi cewa ba a dogara da irin wannan kuɗi. Amma ranar 6 ga Maris 2024, bayan yarjejeniyar dala biliyan 35 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kan yankin Ras El Hekma, Masar ta ƙara kuɗin ruwa da maki 6 a zama ɗaya, dala ta tashi daga wajen fam 31 zuwa kusan 50, IMF ta faɗaɗa rancenta zuwa dala biliyan 8, sai ga baƙin sun dawo. Mai hali ba ya fasa halinsa, mai buƙata ma haka.

Bambancin da ya fi muhimmanci shi ne inda kuɗin ke shiga. A Masar takardun ma'aikatar kuɗi baƙi ke saye, don haka in sun fita, giɓin kasafi da kasuwar canji duk suna girgiza lokaci guda. A Najeriya, tunda OMO ta fi rinjaye, canji ne ke fara shan bugu. Sun kuma bambanta wajen sallamar baƙo. A 2020 Masar ta bar mai fita ya fita, asusunta ya sauka daga wajen dala biliyan 45 zuwa 36 cikin wata uku, baƙin kuma suka dawo kafin shekara ta ƙare. Najeriya ta tsuke bakin jaka, ta kare asusunta, ta yi shekaru tana lallashi.

Mu a Gana ba mu cika jin labarin baƙi a tireshari bil ba. Me ya sa? Daga wani mai karatu a Zangon Kumasi.

Domin doka ba ta ba wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba damar sayen ta, ɗan'uwa. Takardun shekara 2 zuwa sama aka buɗe musu. A jadawalin da muke magana a kai Gana za ta fito tsaf, amma hakan bai hana ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022 ba, bayan sidi ya zube. Ciwonta a dogayen takardu da bashin dala yake. Da aka zo sake fasalin bashin cikin gida, tireshari bil ce aka tsame ba a taɓa ba, domin ita kaɗai ce rijiyar da ta rage wa gwamnati, ruwanta kuma ya kai wajen kashi 35.

Mu fa a Nijar, ina muka tsaya? Daga wata ma'aikaciyar banki, Maraɗi.

Hajiya, lissafinku daban ne. Baitulmalin Nijar yana sayar da nasa tireshari bil ɗin, wanda ake kira BAT, na wata 3, 6 da 12 ta hannun hukumar UMOA-Titres da ke Dakar, kowace guda sefa miliyan 1, masu saye kuma galibi bankunan ƙasashe takwas na yankin ne. Bankin Abijan ko na Kotonu da ya saya baƙo ne a ma'aunin mazauni, amma sefa ya bayar, sefa zai karɓa, ita kuma a ɗaure take da yuro a kan 655.957. Babu layin neman dala, babu fargabar wayewar gari a ga an karya kuɗi a Yamai kaɗai. Haɗarinku a wata ƙofar yake. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, takunkumin ECOWAS da UEMOA, ƙungiyar ƙasashen takwas ɗin, ya rufe wa ƙasar asusunta a Babban Bankin yankin, wato BCEAO, da kasuwar baki ɗaya, wa'adin takardu ya dinga cika ba a biya ba, har sai da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, ta koma kasuwa a watan Afrilu. Mali ta ga irin haka a 2022.

Shin wannan ba riba ba ce wadda addini ya hana? Akwai madadi? Daga wata uwargida, Gombe.

Hajiya, fatawa ta malamai ce, amma siffar cinikin a fili take: kuɗi aka bayar don a karɓi fiye da shi bayan wa'adi, shi ya sa bankunan da ba sa mu'amala da ruwa ba sa taɓa ta. Sukuk ɗin Gwamnatin Tarayya, wato takardar jari da aka tsara bisa shari'ar Musulunci, wanda aka fara a 2017 da naira biliyan 100 don aikin hanyoyi, na shekara 7 ko 10 ne, bai shiga wannan sahu ba. Na gajeren wa'adi akwai shi amma kaɗan ne. Babban Bankin Baharen yana sayar da sukuk na salam na kwana 91 tun 2001, Sudan tana da takardun Shahama na musharaka, hukumar IILM da ke Kwala Lampur, wadda Babban Bankin Najeriya yake cikin masu ita, tana fitar da gajerun sukuk na dala tun 2013. Sai dai a kula, ta fuskar canji babu bambanci. Baƙon da ya riƙe sukuk na wata uku, ranar tafiyarsa dala zai nema.

To me zai hana a hana su shigowa kawai? Daga wani tsohon ma'aikacin gwamnati, Katsina.

Baba, an gwada rage musu gudu, ba hanawa ba. Birazil ta sa harajin kashi 2 a kan irin wannan jari a 2009, ta kai shi kashi 6 a 2010, ta cire a 2013 da dala ta fara yi mata wuya. Najeriya ma a da tana da sharaɗin sai baƙo ya riƙe takardar gwamnati shekara guda kafin ya fita. A 2011, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, aka cire shi, a 2012 bankin JP Morgan ya sa ƙasar a jerin da manyan masu zuba jari ke bi, a 2015 ya fitar da ita saboda matsalar samun dala.

Dabarar da ta fi burge mu ita ce ta Cile, daga 1991 zuwa 1998. Duk wanda ya shigo da irin wannan kuɗi, sai ya ajiye wani kaso a Babban Banki na shekara guda ba ruwa, da fari kashi 20, daga baya 30. A ce ya kawo dala 100, an riƙe 30, ruwan da zai samu a waje kuma kashi 6 ne. Ya rasa dala 1.80 ke nan. In wata uku zai yi da 70 ɗin da ta rage masa, wannan asara ta kai kamar kashi 10 a shekara. In shekara biyar zai yi, rabin kashi ɗaya ce kawai. Ba a kori kowa ba, amma ɗan ci-rani ya fi mazauni jin jiki. Binciken da aka yi daga baya ya nuna abin da dabarar ta fi yi shi ne tsawaita wa'adin kuɗin da ke shigowa, ba rage yawansa ba. Cile ta sa wannan sharaɗi ne a lokacin da dala ke kwararo mata fiye da buƙata, kuma da rikicin Asiya da na Rasha suka busar da kasuwa a 1998, ita da kanta ta mayar da kason zuwa sifili.